Filin Anti: Kafin Ki Bi Shi Turai, Ki Tambayi Inshorar Lafiya



Yau maganata da ke ce, ke da saurayi ya ce yana Landan ko Jamus, an kawo kuɗin gaisuwa, har ƙawaye sun fara kiranki matar Bature. Ina taya ki murna, Allah ya sa alheri. Amma tsaya tukuna ƙanwata. Kowa na zancen lefe da sadaki da tikitin jirgi, ba wanda ke zancen wanda zai biya asibiti ran da ciwo ya zo ko haihuwa ta taso. Alhali a waɗannan ƙasashe, takardar zamanki ɗaure take da maganar inshorar lafiya.

Mu fara da Ingila. Tun shekarar 2015 gwamnatinsu ta sa wa baƙi kuɗin lafiya, wanda ake biya tun wajen neman biza. Da fam 200 a shekara aka fara, ya koma 400 a 2019, ya koma 624 a 2020, a watan Fabrairun 2024 kuma ya kai fam 1,035. Bizar matar aure ta farko wata 33 ce, amma kuɗin shekara 3 cur za a caje ku, wato fam 3,105, a dunƙule. In ta ƙare a sabunta ta wata 30, a sake biyan fam 2,587 da ɗoriya. Kin ga kusan fam 5,700 ke nan kafin ki cika shekara 5 ɗin da za ki nemi zama na dindindin, ban da kuɗin bizar kanta. In kin samu na dindindin ɗin ne kike hutawa da wannan kuɗi. Kafin ki tashi daga Najeriya kuma sai an yi miki gwajin tarin fuka. Shi ma angon, tun Afrilun 2024, sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara.

To, ga inda 'yan mata ke faɗawa rami. Wani sai ya ce, “Haba masoyiyata, ki zo da bizar ziyara kawai, in kin iso ma gyara.” Wallahi kada ki yarda. Mai ziyara ba ta cikin wannan tsari. In aka kwantar da ita ko ta haihu, kuɗin asibitin da rabinsa a kai za a caje ta. Ba za su ƙi karɓar haihuwa ba, amma bashin yana nan a rubuce da sunanta, kuma bashin asibiti da ya kai fam 500 yana iya sa a hana ta biza nan gaba. Sunanki ne zai ɓaci, shi yana gefe.

A Jamus kuwa, tun 2009 doka ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin ƙasar. In mijinki yana cikin inshorar gwamnati, za a sa ki a ƙarƙashinsa kyauta, muddin abin da kike samu bai wuce yuro 500 da 'yan kai a wata ba. In kuwa ta kamfani mai zaman kansa yake yi, to taki daban za a biya duk wata. Matar ɗan ƙasa tana iya neman zama na dindindin bayan shekara 3 in auren na nan kuma ta iya Jamusanci daidai gwargwado. Matar baƙo galibi sai ta shekara 5, kuma cikin abin da ake dubawa har da inshorar nan.

Akwai wasu sharuɗɗa biyu da suka shafe mu ƙwarai. Ƙasashen biyu ba sa ba da bizar aure sai kin cika shekara 18. Sannan ba sa shigar da mata ta biyu in uwargida tana can tare da mijin. Saboda haka a bincika da kyau, kada a ɗaura aure ki zauna a ɗakin mahaifiyarki shekara da shekaru kina jiran bizar da ba za ta zo ba.

Na san kunya ba za ta bari ki yi wa saurayi waɗannan tambayoyi a zaure ba. To ki faɗa wa Umma, ita kuma ta sa Baffa ko Yaya su zauna da shi. Wace irin takarda gare shi a can? Wace biza zai nema miki? Wa zai biya kuɗin lafiya, kuma wace irin inshora yake ciki? Su ce ya nuna a rubuce. Mai gaskiya ba zai yi fushi ba, murna ma zai yi ya samu surukan kirki. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba ku amsa. Matambayi ba ya ɓata.

In Allah ya kai ki, ki riƙe fasfonki da katin inshorarki a hannunki, ki san ranar da bizarki za ta ƙare. Ku kuma 'yan makaranta, ku dage da karatu, don wadda ta iya karanta takarda da kanta ba a sa ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum,
Anti