BOLA A BAKIN MASALLACI: INA MATASAN DA'AWA?

Ɗan uwa mai karatu, yanzu ka fito daga sallar Juma'a da farar rigarka da turarenka. To kafin ka isa gida ƙirga mini bola nawa za ka tsallake. Na san za ka toshe hanci ka ce laifin gwamnati ne. Da laifinta kam, domin tun zamanin Buhari da Idiagbon ake kaɗa mana gangar tsaftar muhalli, ana tsare mutane a gida ranar Asabar, amma ga juji nan yana neman tsawon katanga. Sai dai tambayata ita ce, wa ya zuba? Daga gidan wa almajiri ya ɗauko kwandon?

Tsaya ka dubi abin da ke cikin bolar. Ɓawon doya ne da na lemo, ruɓaɓɓen tumatir, tukar rake, ganyen darbejiya, toka da kashin awaki. Wallahi duk wannan taki ne, dukiya ce. Mu ne muka cakuɗa shi da ledar fiya-wata da mataccen batir da fasassun kwalabe, ya zama guba.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. A ƙasar Kano jakuna kan shigo birni da itace, su koma ƙauye da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, a zuba a gona. Da haka aka yi ta noma gonakin kewayen birni kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Har yau manoma na sayen shara a tifa, amma je ka ga gonar bayan an baza: leda ce fal, tana hana ruwa shiga ƙasa, akuya ta ci ta kumbura ta mutu. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin saniya.

A gefe guda kuma an mayar da manomi maroƙi. A 1997 gwamnatin Abacha ta janye tallafin takin zamani. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, sai ga buhun taki ya gagari talaka a ƙauyukanmu. Ɗan siyasa kuwa ya gane lagon: ya ajiye buhuna sai zaɓe ya matso, dattijo sa'an kakanka ya wuni a layi cikin rana saboda mudu biyu. Subhanallah! Muna zubar da taki a kwata da safe, muna roƙon taki a ƙofar azzalumai da yamma. Ban ce takin gida zai kori na zamani gaba ɗaya ba. Amma yuriya ba ta gyara jikin ƙasa, ba ta riƙe mata danshi, takin gida ne ke yin wannan.

Da na tayar da maganar nan a halƙarmu wani ɗan uwa ya ce ai shara aikin mata ne, wani kuma ya ce tsarin Turawa ne nake son shigo mana da shi. Haba Malam! Wane Bature ne ya koya wa kakanka ɗora mangala? Ba da babin tsarki muka soma fiƙihun ibada a Islamiyya ba? Ba mu karanta cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani ba? Manzon Allah (S) yakan taya iyalinsa aikin gida, kai wane ne da tsintsiya za ta zubar maka da girma? Muna iya tafiyar kilomitoci a ƙafa zuwa wa'azi, muna iya ɗaga murya a kan zaluncin da ake yi a Falasɗinu, amma kwatar ƙofar gidanmu ta fi ƙarfinmu. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa. 'Ya'yan talakawa ne suka mutu, ƙannenmu.

Aikin ba wuya. A ajiye bokiti biyu a gida, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da ƙarfe da kwalba. Abincin da ke ciwuwa ba shara ba ne tun farko, haƙƙin almajiri ne da maƙwabci, zubar da shi almubazzaranci ne. Wanda dabba za ta ci a ba dabba. Sauran shi ne na rami. A haƙa rami mai zurfin kamar mita 1 a inuwa, nesa da rijiya. A shimfiɗa kara da busasshen ganye a ƙasa, a zuba ɗanyen ɓawo a kai, sai kashin dabbobi da 'yar toka, a yayyafa ruwa ya jiƙa amma kada ya kwanta, a sake jerawa haka har ya cika. Ban da nama da ƙashi da mai, don su ke jawo ɓera da kare. Bayan kwanaki kaɗan in ka tura hannu za ka ji zafi, alamar aiki ya kama ke nan, kuma zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A riƙa juyawa duk mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 zai koma baƙar ƙasa mai ƙanshin damina. In ya yi wari ruwa ya yi yawa, a ƙara kara a juya.

Wanda gidansu ba fili kada ya kawo uzuri. Kowace halƙa ta nemi kango ɗaya a unguwa, da izinin mai shi, a sa 'yan uwa biyu su riƙa zagayawa da baro bayan sallar Asuba. Takin da ya nuna a kai gonar marayu, ko a sayar wa masu lambu a sayi alli da tabarma na Islamiyya.

Mu a halƙarmu mun tsayar da Asabar mai zuwa. Mai shebur ya zo da shi, mai diga ya zo da ita. Wassalam.