Ra'ayi: Idan fatar tambarin Gwandu ta yage, wa zai ɗinke ta?

Ranar 7 ga Disamban 2024 aka sake buɗe cocin Notre-Dame da ke birnin Paris na Faransa, shekara biyar da 'yan watanni bayan gobarar 15 ga Afrilun 2019. Shugabannin ƙasashe sun hallara, 'yan jarida sun cika wurin. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne tsohon abin kiɗan cocin da ake kira ogan, da irin wahalar da aka sha kafin ya sake yin sauti.

Ga wanda bai san shi ba, ogan tarin sarewa ne da aka jera jikin bango, ana tura musu iska da wani abu mai kama da zugazugin maƙeri, mai kiɗa kuma yana zaune yana danna maɓallai da yatsu da ƙafafu. Na Notre-Dame yana da bututu kusan 8,000. Wani tsawonsa ya kai mita 10, wani bai wuce alƙalami ba. Wuta ba ta ci shi ba, amma rufin dalma da ya narke ya lulluɓe shi da ƙura mai guba.

Da a wajenmu ne, na san shawarar da za a kawo: a sayo na zamani mai aiki da lantarki, a jona lasifika, a huta. Su kuwa a 2020 suka kwance shi, suka raba sassansa ga ma'aikatu uku a kudancin ƙasar, aka wanke bututun ɗaya bayan ɗaya, aka sauya fatun tumakin da ke riƙe iska a cikinsa. Da aka mayar da komai mazauninsa, sai da aka kwashe watanni ana daidaita sautin, kuma da dare ake yi, domin kunnen mai daidaitawa ba ya son hayaniyar ma'aikata.

Kuɗi sun yi aiki, babu musu. Amma ko an tara duk dukiyar duniya, ba za ta haifi gwanin da zai saurari bututu 8,000 ya gane wanda ya karkace ba. Sun samu gwanayen ne saboda sana'ar ba ta taɓa yankewa ba, kowane gwani yana da yaron da ya koya a hannunsa. A maƙwabciyarsu Jamus ma, a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar ƙera ogan da kiɗansa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

To mu fa? Masarautar Gwandu ba baƙuwar tarihi ba ce. A garin Gwandu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna tun daga 1805 kafin ya koma Sifawa. Nan ne hedikwatar ɓangaren yamma na Daular Usmaniyya, nan kuma hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake. A Gwandu ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya ci karo da kwafin littafin Tarikh al-Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu. Ko da fadar ta koma Birnin Kebbi daga baya, sunan da martabar na Gwandu ne. Irin wannan sarauta tana da muryarta: tambari da kakaki da algaita.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ana bugawa ya san a ƙirji ake jin sa kafin kunne. Ba a fito da shi don bikin kowa. Kayan sarauta ne, ana buga shi lokacin sallah, ko naɗin sarki, ko wani babban al'amari. Kuma abu ne mai lalacewa kamar kowane abu. Jikinsa itace ne da masassaƙi ya fafe, gara na iya ci. Bakinsa kirgi ne da majemi ya gyara, damina na sa shi saki, hunturu na busar da shi har ya tsage. Kakaki aikin maƙeran fari ne, gaɓa-gaɓa ake haɗa shi, idan gaɓa ɗaya ta lotse sautin ya tafi. Algaita kuwa tana buƙatar masassaƙi da baduku, sannan mabushin da ya iya riƙe iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba.

Ashe ke nan bayan kowane tambari akwai sana'a huɗu ko biyar. Kuma duk mai zaga kasuwannin ƙasar Hausa ya san halin da waɗannan sana'o'i suke ciki. Roba ta kori akushi, ta rage wa masassaƙi ciniki. Ɗan baduku ya gwammace ya ja babur, kuma ba na ganin laifinsa, kowa cikinsa yake wa fafutuka. Manyan itatuwa masu tauri irin su ƙirya da maɗaci suna ƙarewa a buhunan gawayi. A gidan biki fiyano da lasifika sun karɓe filin da a da makaɗan kalangu ke samun na cefane, alhali daga irin wannan filin ne yara ke koyon hannu. Ranar da dattijo na ƙarshe da ya san yadda ake ɗaure bakin tambari ya kwanta dama, tambarin zai zama kayan kallo, ko da an kulle shi cikin akwatin gilashi.

Akwai kuma abin da ya fi itace da fata saurin ɓacewa, wato take. Bugun tambari da busar kakaki magana ce. Sarki na da takensa, manyan masu sarauta na da nasu, mutanen da kuwa suna jin bugu su fassara shi. Yau matasa nawa ne za su ji busa su ce ga abin da aka faɗa? Muna da sa'a rediyo ya adana mana muryoyin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi. Mai tambari da mai kakaki ba su samu wannan gatan ba, domin ba su ne ke rera waƙa ba, a bayan fage suke.

Na san wani zai ce, Malam, ka rasa inda za ka yi wannan magana sai a garin Malam Abdullahi? Tambaya ce mai nauyi. Malaman jihadi sun soki kaɗe-kaɗen shagala a fadojin sarakunan da suka tarar, kuma Abdullahin Gwandu an san shi da tsanani kan duk abin da ya ga yana mayar da shugabanci mulkin duniya. Shi ne fa ya bar jama'a ya nufi gabas saboda takaicin abin da ya gani, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Amma malaman nan sun bambanta kiɗan wasa da gangar da ake bugawa don tara runduna ko sanar da jama'a. Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Abin da nake cewa shi ne, tunda masarautu sun riƙe waɗannan kaya har yau, ana fita da su duk sallah, bai dace a riƙa alfahari da su ranar hawa a manta da masu gyara su sauran kwanakin shekara ba.

Wani kuma zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta ganga? Gaskiya ne. Sai dai abin da ake nema a nan bai kai kuɗin motar rakiya guda ta wani babba ba. Ba ma neman miliyoyin Faransa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'armu game da tsohon abu. Hanya biyu muka sani: a bar shi har ya faɗi, ko a rushe a zuba siminti. Dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa wajen shekarun 1830, wanda masana gine-gine na duniya suka yi ta rubutu a kansa. A watan Agustan 2023 wani sashe nasa ya rufto kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ginin ƙasa yana son a riƙa duba shi ana yaɓe, kuma yana son maginin da ya san halinsa. Tambari ma haka. Gyara kaɗan-kaɗan a kan kari shi ne abin da ba mu saba da shi ba.

A nan Kalgo ta shigo. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cikin ƙasar masarautar Gwandu. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa kuma maimaita na bara suke yi. Me zai hana jami'ar da majalisar masarauta su ƙulla yarjejeniya? A tura ɗalibai, da izinin fada da na gidajen makaɗa, su ƙirga kayan da ke fada da gidajen hakimai, su ɗauki hotonsu, su auna su, su rubuta wane itace ne, wace fata ce, wa ya yi gyaran ƙarshe. A naɗi kowane take da wayar hannu, dattijo na bugawa yana fassarawa. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ta isa wannan aikin.

Sannan a duba masu sana'ar kansu. A ba gwani alawus na wata-wata bisa sharaɗin ya riƙe yara biyu ko uku har su iya. Idan an tashi sauya fatar tambari, a kira su su zauna su gani, a ɗauki bidiyo daga jima har ɗauri. A kafa ƙa'ida cewa ba a jefar da tsohon jikin tambari don an sassaƙa sabo, a ajiye shi da takardar tarihinsa. Misali na nan kusa: a Argungu tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce aka mayar Gidan Tarihin Kanta, kuma bikin kamun kifinsu ya shiga jerin UNESCO a 2016. Hawan sallar Kano ma ya shiga a 2024, watan da aka buɗe Notre-Dame. Babu hawan da zai amsa sunansa idan aka cire kakaki da tambari.

Nan da 'yan shekaru kaɗan za a cika shekara 200 da rasuwar Malam Abdullahi. Ba na shakka za a yi taro, a kafa kwamiti, a buga kalanda, a gyara hanyar shiga hubbare. Roƙona ga Mai Martaba Sarkin Gwandu da gwamnatin Jihar Kebbi shi ne, cikin kasafin wannan taro a ware layi guda domin littattafan Malam da ke hannun zuriya, da maginan ƙasa, da masu gyaran kayan fada. Ƙirgar kayan kuwa ba sai an jira kwamiti ba, malami ɗaya da ɗalibai biyar daga Kalgo za su iya farawa a zangon karatu mai zuwa.