Bature Ba Aljani Ba Ne

A majalisun shayi na Sabon Gari a nan Minna, da zarar hira ta kai ga jirgin sama ko wayar salula, sai wani ya kashe maganar da cewa, "Ai Bature aljani ne, haka Allah Ya yi shi." Kowa ya gyaɗa kai, a koma zancen ƙwallo. Wannan magana ƙarya ce, kuma mai cutarwa, domin tana toshe bakin duk yaron da ya so ya tambayi yadda aka yi.

A buɗe taswira. Girka da Rum, waɗanda Turawa ke kira tushen wayewarsu, ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, kuma Girkawan ma haruffansu aro ne daga Finikawa, mutanen yankin Labanan ta yau. Lokacin da rundunar Rum ta mamaye Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, tsibirin ƙauye ne a wurinsu, can ƙarshen daula. In da wayon a jini yake, ina ya ɓuya fiye da shekara dubu ɗaya da rabi? Bayan Rum ta yamma ta faɗi a 476, da yawa daga littattafan Aristotle sai ta hannun masu fassara na Bagadaza da sharhin Ibn Rushd na Andalus suka koma wa malaman Turai. Amma kada wani ya fake a nan ya ce "ai namu suka sace". Shi ma mai faɗar haka hutu yake nema, don alfahari da kakanni bai taɓa tayar da inji ba.

Abin da ya ɗaga Ingila sananne ne. Tsibiri ne mai kwal jingim kusa da teku da koguna, jigila ba wuya. Ramukan haƙar kwal suna cika da ruwa, sai Thomas Newcomen, mai sana'ar ƙarfe, ya haɗa injin tururi a 1712 don yashe su. James Watt, mai gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow, ya inganta injin, hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirarsa a 1769. George Stephenson, da ya shimfiɗa layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 18. Masu dauɗar hannu ne, irin makanikai da masu waldan da muke wucewa kullum ba mu ko dube su. Sai dai su sun sami masu kuɗin da suka yarda da su, da dokar da ta kare guminsu. Akwai kuma abin da masu kambama Bature ba sa son ji: audugar da ta ciyar da masaƙun Manchester bayi ne baƙar fata suka noma ta a kudancin Amurka, Liverpool kuwa da cinikin bayi ta yi ƙiba.

Ratar da ke tsakaninmu da Turai ma ba ta daɗe ba. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin masaƙa da marinan birnin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Mu mutanen Minna mun fi kowa rashin uzuri, tunda jirgin ƙasa ne ya raya garinmu. A 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara layin dogo daga Baro a bakin Kwara, ya ratsa nan, ya isa Kano a 1911, kuma a Minna ya haɗu da layin da ya taso daga Legas. Auduga Turawa suke so wa masaƙunsu, manoman Kano suka cika taragun da gyaɗa. Nufawa da Gwarawa da Hausawa ne suka sare daji suka ɗauki ƙasa a ka, da yawansu bisa tilas. Kan jirgin kuwa daga Ingila aka kawo shi a ƙere, kuma mai mulkin mallaka bai zo don ya koya mana ƙira ba. Duk wanda ya ce aljanci ne, ya taya shi ɓoye sirrin.

Malaman tarihi na makarantun Sabon Gari, ku kai ɗalibanku tashar jirgin ƙasa, ku nuna musu taswirar Ingila da inda kwal yake, ku faɗa musu sunayen maƙeran da shekarun. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin nan kuma ta buɗe ɗakunan aikinta ga masu walda da makanikanmu.