Wa ke tambayar lafiyar ɗalibanmu a Masar?

Gaisuwa mai yawa zuwa ga Baba da Inna, da su Kawu, da Yaya Babba da iyalinsa, da dukkan abokan arziki. Muna nan lafiya a Hada'ikul Ma'adi, sai sanyin Alƙahira da ba ya jin bargo. Wasiƙar yau ba ta labarin gari ba ce, magana ce da ta daɗe tana cina, kuma wanda ta taɓa ya yi haƙuri.

A gida, da zarar an ce yaro ya samu karatu a Masar, shi ke nan an gama da shi. A yi walima, a raka shi filin jirgi, sai kuma a zauna jiran ranar da zai dawo da rawani da digiri. In ya buga waya, tambaya biyu ce: ya karatu, kuɗin sun iso? Kwanaki na ce wa wani dattijo daga cikin masu turo yara ya kamata a samar wa ɗalibanmu wanda za su riƙa kai wa damuwarsu. Ya yi dariya, ya ce wannan bidi'ar Turawa ce, wanda ke da Alƙur'ani a ƙirji me zai yi da mai ba da shawara? Ina girmama shi, amma wallahi maganar nan ba daidai ba ce, kuma tarihin garin nan ma ya ƙaryata ta.

Daga tasharmu ta jirgin ƙasa, tasha uku ce zuwa Mar Girgis, inda tsohon birnin Fusɗaɗ yake. A can ne mutanen Kanem suka ba da dukiyarsu aka gina makarantar Ibn Rashiƙ, wajen shekarun 1240, don mutanensu su samu wurin sauka da karatu, kuma Maƙrizi ya ambaci cewa sun riƙa aiko mata da kuɗi. A Azhar kanta, a da can ɗalibai baƙi a ruwaƙi suke zama, kowace ƙasa da nata: na Magribawa, na Shamawa, na Turkawa, na mutanen Jawa, har da na Barnawa. Kowane ruwaƙi yana da shehinsa wanda ya san yaransa, yana raba musu gurasar da aka yi waƙafi, yana sasanta su, yana tsaya musu gaban hukuma. To mene ne wannan in ba kula da ɗalibi baƙo ba? Kuma tafiyar ƙafa ce daga masallacin Azhar zuwa asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, wanda a wancan zamani yake da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Tun kafin nan, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya ce kowanne da maganinsa. Waɗannan ba Turawa ba ne, Kawu. Mu ne muka yar da gadon, har muka gan shi a hannun wani muka kasa gane shi.

Bari in gaya muku abin da yaro ɗan shekara 18 ke tararwa. Ya taso Kano ko Maraɗi ana yabon Larabcinsa, ya haddace nahawu. Ran da ya fara tambayar hanya da fusha, sai direban bas ya ce masa sadaƙallahul azim, motar ta kwashe da dariya. Ya shiga aji, wani malamin ya fara da fusha ya zarce da ammiyya, yaron ya fito bai tsinci komai ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ga takardar iƙama: da a Mugamma ta dandalin Tahrir ake bin layi, daga 2019 aka koma Abbasiyya, amma layin da zaman jiran suna nan. Ga dillalin gida da mai gida, waɗanda suka ninka haya tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo. A Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya, komai ya tashi, alhali naira ma tun 2023 take rarrafe. Waɗanda ke kan tallafin gwamnatin tarayya an zaftare musu kuɗin wata a 2024, bayan watanni ba a biya ba.

Sai kuma abin da ba ma son faɗa muku don kada hankalinku ya tashi. Launin fata. A titi yara su bi ka da samara, da shikolata. Ba kowa ba ne, gaskiya, a unguwar nan akwai maƙwabtan da in azumi ya zo sai sun cika mana ɗaki da abinci. Amma abin yana nan. A 2019 sai da hoton bidiyon wasu samari suna wulaƙanta wani yaro ɗan Sudan ta Kudu ya zaga duniya, har shugaba Sisi ya zaunar da yaron kusa da shi a taron matasa na Sharm el-Sheikh. Wanda ba a ɗauki hotonsa ba fa? Sai ya haɗiye, ya koma ɗaki.

Na ga ƙarshen wannan haɗiyar. Akwai wani yaro da ya zauna a benenmu, mahaddaci, mai natsuwa. Ya faɗi jarrabawa shekara ɗaya, ya ɓoye wa gida. Ya daina fita, ya daina wanka, yana kwana ido biyu ya wuni yana barci. Abokan ɗakinsa suka ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya wata biyu. Ni ban hana ruƙiyya ba, addu'a takobin mumini ce, amma in ƙafa ce ta karye ai muna tofi kuma muna kai wa maɗori. Da aka ambaci likita sai kowa ya ja baya, domin a nan in ka ce Abbasiyya, kamar ka ce Dawanau ne a Kano ko Kware a Sakkwato. A ƙarshe karo-karo aka yi aka saya masa tikiti. Na san abin da aka ce da ya isa gida: ya je ya lalace.

Ba na cewa Masarawa ba su yi komai ba. Madinatul Bu'us da aka buɗe a 1959 tana ba dubban baƙi ɗaki da abinci kyauta, kuma Azhar tana da cibiya ta musamman kan karatun ɗalibai baƙi. Amma ba kowa ke samun gado a Bu'us ba, da yawa suna haya ne a Hayyul Ashir da Darrasa da irin unguwarmu, wasu kuma a jami'o'in kuɗi suke. Jami'ar Amurka ta Alƙahira tana da cibiyar ba ɗalibanta shawara da ƙwararru, sai dai kuɗin makarantar ba na ɗan malamin zaure ba ne. Kuma ko an buɗe ofis a kowace tsangaya, yaron da ke kuka da Hausa ba zai iya zayyana ciwonsa da ammiyya ba. Saboda haka nauyin namu ne.

Ku dubi mutanen Maleshiya. Jihohinsu suna da gidajen ɗalibai a Alƙahira, da jami'an da aikinsu ke nan. 'Yan Indunusiya kowane yanki da ƙungiyarsa da gidansa, sabon zuwa ba ya kwana a titi. Mu kuwa gwamna zai ɗauki hoto da yara a filin jirgi, in mulki ya canja hannu a mance da su. Attajiri zai tura goma don neman lada, bai san a ina suke kwana ba. Ƙungiyoyin ɗalibanmu suna iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu, amma su ma yara ne masu jarrabawa a gabansu, makaho ne ke jan makaho.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk jiha ko gidauniyar da ta turo ɗalibai ta ajiye mutum ɗaya babba a nan, mai albashi, wanda ya san kan iƙama da haya, yake zagaya ɗakuna ko sau ɗaya a wata, da mace guda domin 'yan mata, waɗanda nasu shirun ya fi na maza zurfi. A yi yarjejeniya da likitan ƙwaƙwalwa ɗaya, a samu tafinta mai riƙe sirri. A ba sabon zuwa wata uku na ammiyya kafin a jefa shi aji. Kuɗin duk wannan bai kai na rakiyar wani babba zuwa Umara sau ɗaya ba.

Yaya Babba, na ji ana shirin turo ɗan wajen Gwaggo bayan Sallah. Don Allah kafin a sayi tikiti a kira ni, in san wa zai tarbe shi, a ina zai sauka, kuma wa zai buga wa in dare ya yi masa tsawo. In ya faɗi wata jarrabawa, a gaya masa tun yanzu cewa zai iya faɗa mana.

A gaida Inna da jiki. Kukar da daddawar sun iso, an gode. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Naku,
daga Hada'ikul Ma'adi, Alƙahira.