GUDUN YADA ƘANIN WANI KO GUDUN TALLAFAR ƘANIN WANI?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron labarin wasanni a gidajen rediyo ya san sunayen nan biyu da Hausawa suka laƙaba wa tseren da Turawa ke kira maraton, watau gudun famfalaƙi da kuma gudun yada ƙanin wani. Suna na biyun shi ya fi jan hankalina, domin yana ɗauke da hoton yadda muke kallon abin daga nesa: gudu ne mai tsanani wanda idan aka haɗa ka da ƙanin wani sai ka yar da shi a hanya ka tsira da kanka. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na shiga tseren birnin Ikko a watan Fabrairu na shekarar zaɓen ƙasa, watau 2023, na ga abin da idona. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa mai karatu ra'ayin da na dawo da shi, cewa irin wannan tsere ba ya tsayuwa sai da ƙafafun jama'ar gari, kuma duk garin da ya yi niyyar shirya shi, to ya fara neman yardar mutanen unguwa kafin ya nemi kuɗin attajirai.

Asalin abin a taƙaice

Sunan maraton ya samo asali ne daga wani gari a ƙasar Girka inda aka gwabza yaƙi da Farisawa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An ce wani manzo ne ya sheƙo a guje daga fagen fama zuwa birnin Atina da albishirin nasara, yana isar da saƙon ya faɗi matacce. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896 sai aka sanya tseren don tunawa da wannan hikaya. Nisan da ake amfani da shi, kilomita 42 da mita 195, ya fito ne daga wasannin Landan na 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Don mai karatu ya auna da kyau, kusan nisan Kano zuwa Wudil ke nan, a ƙafa, ba hutu.

A wannan tsere na 1908 ne wani mutumin Italiya mai suna Dorando Pietri ya shigo fili shi ne a gaba, amma ƙarfinsa ya ƙare, ya yi ta faɗuwa ana tashinsa, har alƙalai suka tallafe shi ya ƙetare layi. Daga baya aka soke nasararsa saboda an taimake shi. Doka ta yi aikinta, amma har yau sunansa ya fi na wanda aka ba lambar yawo a bakin mutane. Tun daga nan ake iya gane cewa abin da ke taɓa zuciyar jama'a a wannan wasa ya wuce sanin wanda ya zo na ɗaya.

Abin da na gani a Ikko

An fara tseren birnin Ikko a 2016, da ɗaukar nauyin wani banki tare da gwamnatin jiha. A shekarar da na shiga, na sauka ne wurin kawuna a Idi-Araba, na yi sallar asuba da wuri na nufi babban filin wasa na Surulere inda ake tashi. Dubban mutane ne a tsaye cikin duhun safiya, akwai ƙwararru 'yan Kenya da Habasha a sahun gaba, akwai ire-irenmu a baya waɗanda burinsu kawai su kai ƙarshe da ransu.

Da aka sake mu sai na aikata kuskuren da kowane sabon shiga ke yi. Sanyin safiya da shewar mutane a bakin titin Ikorodu suka ɗebe ni, na manta da cewa tafiya sannu sannu kwana nesa. Yara suna miƙo hannu a tafa, mata suna guɗa irin tasu, samari masu aikin sa-kai suna miƙo ruwa a kan tebura. Ban san ina gudu ba, ji nake kamar ana tura ni.

Sai muka hau gadar nan ta uku da ta haɗa tsibiri da tudu, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12. A kan gada babu gidaje, babu shaguna, babu 'yan kallo sai ma'aikata jefi-jefi. Ruwa ne dama da hagu, ga gidajen katako na Makoko can ƙasa, ga rana ta fara ɗagowa. Ƙafafun da suka kawo ni su ne dai a jikina, amma nan take na ji sun yi nauyi, domin abin da ke tura ni ɗazu ya tsaya a bakin gada. A wannan wuri na fara fahimtar cewa rabin ƙarfin da nake taƙama da shi aro ne daga mutanen da ban sani ba.

Bayan an wuce kilomita 30 sai ainihin wahalar ta zo. Masana lafiya sun bayyana dalilinta: jikin ɗan Adam yana ajiye wani nau'in sukari a cikin tsoka da hanta, shi yake ƙonawa wajen gudu, kuma ga yawancin mutane wannan ajiya takan ƙare ne daidai wannan wuri. Daga nan jiki ya koma ƙona kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Daɗin daɗawa, iskar Ikko cike take da danshi, gumi ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki, ga gishirin jiki yana ta zuba tare da shi. A wajajen Lekki ƙwaurina na dama ya ɗaure tamau, na durƙusa a gefen titi, na ƙudurta a raina cewa tafiya ta ƙare.

Wani dattijo maigadi da ke zaune a ƙofar wani gida ya ji ina salati, ya taso da butarsa. Ya ce, "Ɗan samari, daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya ce, "Ka baro Kano ka zo nan ka zauna a bakin kwata? Miƙe ƙafar." Ya zuba mini ruwa a ƙeya, ya danna mini tafin ƙafa har tsokar ta saki, sannan ya taka tare da ni 'yan taku kaɗan yana cewa, "Daure, ɗana, saura ƙiris." Can gaba wata mata mai sayar da lemo, wadda ba ma jin harshen juna sosai, ta yanka guda biyu ta danƙa mini. Mai karatu zai tuna cewa a wannan wata ne ake fama da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, lokacin da mai ƙaramar sana'a kan wuni bai ga ko sisi a hannunsa ba. Duk da haka ba ta tsaya jiran komai ba, ta koma ta ci gaba da yanka wa na bayana.

Na isa ƙarshen tseren a Eko Atlantic bayan awa 5 da 'yan mintoci, lokacin da wanda ya zo na ɗaya ya daɗe da yin wanka. Lambar da aka rataya mini tana nan a ɗakina, amma a ganina akwai rabon dattijon nan da na mai lemo a cikinta.

Darasin sauran birane

Kada a ce wannan labarin mutum ɗaya ne, bari mu duba manyan biranen da suka shahara da wannan wasa. A birnin New York na Amurka an fara tseren ne a 1970 a cikin wani lambun shaƙatawa, mutum 127 suka tashi, 55 suka gama, kuma galibin mutanen gari ba su ma san ana yi ba. Sai a 1976 da aka fito da shi ya ratsa gundumomi biyar na birnin, ya bi ta ƙofar gidajen talakawa da baƙi 'yan ci-rani, sannan ya zama bikin gari. A Landan kuwa, ranar da aka fara nasu a 1981, mutum biyun da ke gaba, Dick Beardsley na Amurka da Inge Simonsen na Norwe, riƙe hannun juna suka yi suka ƙetare layi tare. Wannan tsere na Landan ya zama hanyar tara gudummawa ga marasa lafiya da mabuƙata, har abin da aka tara ya haura fam biliyan 1 a shekarar 2019. A Afirka ta Kudu ma akwai tseren Comrades da aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, mai nisan kusan kilomita 90, wanda ya yi suna wajen ganin masu gudu suna tallafe da juna don su kai kafin a rufe lokaci.

Abin lura shi ne, banki yana iya biyan kuɗin kyauta, hukuma tana iya rufe titi, amma babu ɗayansu da zai iya sayen shewar yaro ko butar maigadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi

Adalci ne mu saurari masu suka, domin wasu maganganunsu suna da tushe. Na farko, rufe manyan tituna rabin wuni yana cutar da direba da ɗan dako da mai tallar da abincin ranarsu ya dogara ga zirga-zirga, haka kuma mai ciwo da ke neman asibiti. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ma babbar hujjata. Idan an rufe wa mutum hanya ba tare da shawararsa ba, tsere ya zame masa zalunci. Idan kuwa an sanar da shi tun da wuri, an bar masa mashiga, an ba shi damar kasa hajarsa inda 'yan kallo za su taru, to ya zama mai masaukin baƙi.

Na biyu, ana cewa baƙi ne ke kwashe manyan kyaututtuka, domin galibin waɗanda suka ci tseren Ikko 'yan asalin Kenya ne ko Habasha. Haka ne, amma ba dare ɗaya suka kai nan ba. Tun 1960 Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren Olamfik a birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa, yaran ƙasarsa suka tashi suna ganin gudu a matsayin abin alfahari. Mu ma muna da tsaunukan Filato da Mambila, kuma daga Filato ne ake samun da yawa daga cikin gwanayenmu na dogon zango. Yaron da ya ga gwani ya gifta ta ƙofar gidansu, shi ne zai tashi da sha'awar gwadawa.

Na uku, akwai masu ganin cewa babba ya kama gudu ba a kore shi ba zubar da girma ne. Ga waɗannan sai in ce, hawan jini da ciwon sukari da suka addabi iyayenmu a birane ba su san girma ba, kuma likitoci sun daɗe suna faɗin amfanin motsa jiki wajen kare kai daga gare su. Kakanninmu fatake da suka riƙa takawa daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba su ɗauki doguwar tafiya abin kunya ba.

Abin da ya shafe mu

Abin da na gani a Ikko ba baƙo ba ne a al'adarmu, sunansa gayya. Yadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya, makaɗa suna zuga, mata suna kawo fura, haka tsere na gari yake, sai dai a nan gonar ita ce titi. Har wa yau mun gāji al'adar ajiye randa a ƙofar gida don matafiyi ya sha, kuma duk wanda ya taɓa ganin Hawan Daushe ya san cewa mutanenmu sun iya cika titi cikin tsari.

Saboda haka shawarata ga duk garin da ke son shirya irin wannan tsere ita ce, a raba hanyar ga unguwanni, kowace unguwa ta ɗauki kilomita guda ƙarƙashin mai unguwarta, ta share, ta tanadi ruwa da masu tsaro. A zaɓi lokacin sanyi, a tashi da an idar da sallar asuba, a kuma kauce wa watan azumi da ranakun da hazo ya yi kauri. A tanadi ma'aikatan lafiya da 'yan agaji musamman daga kilomita 30 zuwa ƙarshe, tare da ruwan gishiri da sukari, domin yawan ɗirkar ruwa zalla ga wanda ya zubar da gishirin jikinsa shi ma yana da haɗari. A haɗa da gajeren zango na kilomita 5 ko 10 don dattawa da yara, a yi wa mata tsarin da ya dace da mutuncinsu. Abin da aka tara kuma a bayyana shi a fili, a kai shi asibitin gari ko gidan marayu, don kowa ya ga inda guminsa ya tafi. Mu ɗalibai muna da rawar takawa a nan, ko da ta tsayawa a bakin tebur ce muna miƙa ruwa.

Kammalawa

A matsayina na ɗalibin harshe na san cewa ba a sauya wa abu suna da umarni, don haka gudun yada ƙanin wani zai ci gaba da amsa sunansa. Sai dai ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk sa'ad da suka ji an ambaci wannan suna, su tuna cewa a wani titi na Lekki an taɓa samun ƙanin wani a yashe, wani dattijo da bai san shi ba ya tashe shi. Idan har garuruwanmu za su rungumi wannan wasa, to wannan hali ne ya kamata a fara ginawa kafin a buga riguna da alluna. Allah ya saka wa wannan bawa nasa da alheri, ya kuma ba mu lafiya da zama lafiya, amin.