Shekara goma ba sartifika: wa zai biya ƴaƴanmu?

Yayata tana tara takardun gidanta cikin wata tsohuwar kwalla da take turawa ƙarƙashin gado. Ranar da na je Tibiri gaisuwar sallah ta jawo ta, ta zazzage a kan tabarma: katin zaɓe, katin awo na asibiti, takardun haihuwar yara da sai da aka yi ta zarya kafin a same su. Ta ce in duba mata ko akwai wadda ɗanta na fari zai iya nunawa wurin neman aiki. Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa lakwal. Ban da ƴan katunan maki da gara ta fara ci, babu difloma ko ɗaya.

Na ce, "Yaya, babu."

Ta ce, "To shekarun ga hwa, ina sunka tahi?"

Har yau ban ba ta amsa ba, kuma duk lokacin da na tuna tambayar sai raina ya ɓaci, domin na san inda suka tafi. An zauna a Yamai an soke jarrabawar ƙarshen firamare, CFEPD, wadda kowa a nan yake kira sartifika, tun daga shekarar karatu ta 2013-2014, zamanin mulkin Issoufou Mahamadou. Aka ce daga yanzu makin kwampozishon na cikin shekara shi zai kai yaro kwaleji. Shekara goma ana haka. A 2024, bayan sojoji sun karɓi mulki, aka dawo da ita. Wanda ya soke bai zo ya tambayi iyaye ba, wanda ya dawo da ita bai waiwayi yaran da aka ƙetare ba. Zubi goma na ƴaƴan talakawa sun wuce ta tsakani hannu banza, ɗan yayata yana cikinsu.

Na san hujjar da aka bayar, kuma ba zan ce duk ƙarya ce ba. An ce jarrabawar kwana ɗaya ko biyu ba ta auna abin da yaro ya koya cikin shekara shida. An ce tana zubar da yara a hanya alhali gwamnati ta yi alkawarin riƙe kowane yaro a makaranta har ya kai shekara 16. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya mai ƙoƙari ta faɗi don zazzaɓin damina ya kama ta ranar jarrabawa zai yarda akwai gaskiya a ciki. Amma makin cikin shekara yana da daraja ne inda ake yin shekarar. A ƙauyukanmu, daga Geceme zuwa Dumega zuwa Kore Mairuwa, wace shekara ake yi?

Ana cewa an koma lakwal farkon Oktoba. Ajin zana kuwa ba ya tsayuwa sai an yanke hatsi an sami kara, sai iyaye sun haɗa kuɗi da hannu sun kafa rumfa, wani wuri har Disamba. Hadarin farko na Mayu ko Yuni ya kwashe rumfar, shi ke nan an tashi. Tsakani ga yajin aikin malaman kwantiragi da ake riƙe wa ɗan abin da ake ba su wata da watanni, ga tafiyar kwana biyu ko uku da mushe, wato malamin, zai yi zuwa gari ya bi layin albashi. Gwamnati da bakinta ta taɓa cewa azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai 36,000. Irinsu ne suka kama wuta a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilun 2021, suka sake kamawa a Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, yara ƙanana fiye da arba'in suka ƙone a gobarar biyu. A irin wannan aji aka ce malami shi kaɗai ya koyar, shi ya tsara tambaya, shi ya gyara, shi ya ba da makin da zai yanke makomar yaro, sannan a auna ƙwazonsa shi kansa da yawan yaran da suka wuce. Me ake jira ya yi? Ba na zargin mushe. Mutum ne mai iyali, a ƙauyen yake kwana, daga rijiyar mutanen yake sha, uban yaron ne yake ba shi aron gona.

A 2014 ɗin nan da aka fara aiki da sokewar, binciken PASEC ya auna yaran ƙarshen firamare a ƙasashen Afirka goma masu aiki da Faransanci. Nijar ce ta zo ta ƙarshe. Yaran da suke iya karanta rubutu su gane shi yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wato ciwon ya riga sokewar, jarrabawar ba ta warkar da shi ba, na yarda. Sai dai ita ce take nuna shi. Kowace shekara, ranar da aka karanta sunayen waɗanda suka ci, uban da bai taɓa riƙe alli ba yana gane ko makarantar ƙauyensu tana aiki ko ba ta yi. In yara talatin suka shiga biyu suka fita, gari ya ɗauka, a je wurin dirakta, a je wurin mai gari, magana ta kai kunnen sufeto. Da aka soke sartifika, wannan ƴar fitila ɗaya da talaka yake leƙa aji da ita aka hure. A 2017 aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawar gwaji, aka sallami dubbai bisa cewa ba su cancanta ba. Makin da waɗannan malamai suka bayar shekara uku kafin nan kuwa, shi ne ya kai yara kwaleji, kuma babu wanda ya koma ya duba yaran.

Ɗan yayata ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, a 2017 yana da shekara 12. Aka ce ya wuce. Uwarsa ta yi guɗa, ta sayar da akuya ta saya masa kaye da biro da yadin kaki. Ta sama masa masauki wurin dangi kusa da kwaleji, duk ranar kasuwa tana aika masa gari da ƙuli-ƙuli da ƴan dala. Sai da ya kai aji na biyu na kwaleji na zaunar da shi na miƙa masa littafinsa na ce ya karanta mini. Yana bin baƙaƙen da yatsa, yana haɗa su da ƙyar, da na tambaye shi ma'anar abin da ya karanta sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba a gwada muna ba." Yaro ne mai kai. Lissafin kuɗin wake da gyaɗa a kasuwa ba mai cutarsa ko tamma. An dai yi ta tura shi gaba ne kamar buhu a bayan amalanke.

Sai korona ta zo. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka buɗe farkon Yuni, lokacin da kowane hannu a Arewa yake gona wurin shuka, aka ɗage jarrabawar birbe, wato BEPC ta ƙarshen kwaleji, da ta bak zuwa Agusta. Shi yana aji na uku a lokacin, ya rasa wata biyu da ɗoriya da ba a taɓa rama masa ba. A 2021 ya zauna BEPC, shekarar da a ƙasar nan duka kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ya ci. Ya faɗi. Ya maimaita, ya sake faɗuwa a 2022, aka sallame shi. Jarrabawar gaskiya ta farko da ya taɓa gani a rayuwarsa ita ce wadda ta kore shi, yana da shekara 17, lokacin da gyara ya riga ya wuce. Da an auna shi yana ɗan shekara 12 da an gane, da ya maimaita CM2, ko a kai shi koyon sana'a da sauran lokaci, ko aƙalla in ya ci ya riƙe takarda ɗaya a hannu.

Kada wani ya ce mini sartifika ba komai ba ce a wannan zamani. Wanda yake da lisans da masta shi ne zai faɗi haka. A gidan da uwa da uba ba su yi boko ba, ita ce takarda ta farko da take shiga gidan da hatimin ƙasa, a sa ta cikin leda a ɓoye. Ita ce yaro yake nunawa in za a ɗauki mai gadi ko masinja, ko in yana son shiga wata makarantar sana'a. Ita ce uba yake nuna wa ƴan'uwansa da suka yi masa dariya ranar da ya cire yaro daga kiwo ya kai shi lakwal.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƴan mata. Kowa ya san a ƙasar nan kusan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika 18. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴa mace har shekara 16, aka yi ta sanarwa a rediyo. To ka zo ka zauna da uban da ƴarsa take kwaleji a wani gari, tana zaune gidan mutane, tana yi musu daka da ɗebo ruwa, ya ga shekara uku ta wuce ko wasiƙa ba ta iya karanta masa, ga masu neman aure suna sallama a ƙofa. Da wace hujja zan ce masa ya ƙara haƙuri? Na yi wannan gardama da wani maƙwabcin yayata har muryata ta dushe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, in ka ba ni tabbacin ranar da za ta fito da takarda, ni mai jira ne." Ban da tabbacin da zan ba shi. Bayan girbi aka ɗaura auren.

Mu ma iyaye da namu laifi, ba na ɓoyewa. Muna cire yaro ranar kasuwa, muna cire shi ranar shuka, taron kwamitin makaranta ba ma zuwa sai in an ce za a raba wani abu. Amma wanda yake auna hatsin rumbunsa da tiya don ya kai shi damina ba shi ne ya sa hannu a takardar sokewa ba.

Dubi yadda abin ya kasance a wasu wurare. A 2020 Faransa ta soke rubutacciyar jarrabawar bak saboda annoba, ta yi aiki da makin cikin shekara, amma can akwai shekarar, akwai malami a aji, akwai kundin kowane ɗalibi. Ingila ma ta soke nata, ta ba wata dabarar lissafi ta kwamfuta aikin daidaita maki, aka rage wa kusan kashi 40 cikin ɗari na sakamakon da malamai suka bayar, abin ya fi taɓa ƴaƴan makarantun talakawa. Sakamako ya fito ranar 13 ga Agusta, yara da iyaye suka fito titi, ranar 17 ga wata gwamnati ta janye. Kwana huɗu. Mu an soke mana tamu shekara goma, ba don annoba ba, ba don yaƙi ba, muka yi shiru, domin ƴaƴan masu yanke hukunci suna makarantun kuɗi na Yamai ko suna ƙasashen waje, mu kuma an saba mana da cewa lakwal ta gwamnati ce, abin da ta ga dama shi za ta yi da kayanta. Mun manta ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 a kan maganar karatu suka fito.

Yanzu sartifika ta dawo, na yi murna, ƙanwar yaron nan za ta zauna ta. Amma dawo da jarrabawa ba tare da dawo da shekarar karatu ba wata sokewar ce ta bayan gida. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. A jihar Tilaberi ɗaruruwan makarantu ƴan bindiga sun rufe su, kuma mu da muke bakin iyakar Kabi da Sakkwato muna jin ƙarar abin tana matsowa. Tun Maris na 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, yaron Tibiri kuwa har gobe da Faransancin da ba ya ji ko a gida ko a kasuwa ake yanke masa hukunci. In za a auna yaro a watan Yuni, a gina masa ajin da zai zauna tun Oktoba, a biya mushensa a kan lokaci, a faɗa wa iyaye ranar jarrabawa tun da wuri kuma a tsaya a kanta.

Su kuma zubi goman nan, bashi ne a wuyan ƙasa, ko wa yake mulki. Ina kira ga ministar ilimi, da gwamnan Doso, da perfen Tibiri da na Dogon Dutsi, da Samna da sauran sarakunanmu: a ƙidaya su ƙauye-ƙauye, ba su ɓace ba, kowace uwa ta san inda nata yake. A buɗe musu ajin dare da rani, a shirya musu zama na musamman na sartifika kyauta, a yi shela a rediyon gari da masallatai da Hausa yadda kowa zai ji. Cibiyoyin koyon sana'a da aka yi alkawarin kowace ƙaramar hukuma za ta samu, a sa musu injin walda da keken ɗinki da malami na gaske, a ba waɗannan yara gaba a layi. Fadamar Dallol tana nan da ruwa kusa, rake da rogo da zogale suna yi, matashin da aka koya wa aikin famfo mai hasken rana ba zai rasa abin yi ba.

Ɗan yayata bai jira wannan ba. Ya yi kabu-kabu da babur ɗin wani na wata shida, ya ƙetara Najeriya, daga can muka ji ya bi ƴan garinmu zuwa wuraren haƙar zinariya na arewa, hanyar da matasa suke bi tun da aka gano zinariyar Jado a 2014. Yakan kira uwarsa in ya sami rezo, wani lokaci sai an yi wata biyu. Kiran ƙarshe da aka yi ina wurin, ta miƙa mini wayar. Muryarsa tana yankewa, ya ce, "Kawu, an ce an maido sartifika. Mu da munka wuce, ana bari mu yi?"