Matar da ta mayar da rairayi aji

A filinmu na wannan wata zan ɗauke ku zuwa ƙasar Senegal, inda wata tsohuwa ta shafe fiye da shekara 50 tana aikin da da yawanmu ba mu ɗauke shi aiki ba, watau tsara rawa da koyar da ita. Na san wani zai ce, Malam, duk matsalolin da ke gabanmu sai zancen rawa? To a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin zancen ya wuce rawa.

Sunanta Germaine Acogny. An haife ta a 1944 a garin Allada na ƙasar Dahome, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Benin. Tun tana ƙarama iyalinta suka koma Senegal, can ta tashi, can ta yi makaranta. Watau ita ma 'yar ci-rani ce kamar yawancinmu, asali a wata ƙasa, girma a wata. A 1962 ta tafi birnin Faris na Faransa ta koyi aikin koyar da motsa jiki, kuma a can ta ga yadda Turawa suka tsara rawarsu daki-daki, kowane taku da sunansa, kowane aji da manhajarsa. Da ta dawo sai ta buɗe ɗakin koyar da rawa na farko nata a Dakar a 1968.

Tambayar da ta dame ta ita ce, me ya sa rawar Bature ake koyonta a makaranta har a ba da takardar shaida, amma rawar Afirka ake cewa wai a jini take, ba ta bukatar koyo? Wannan magana tana kama da yabo, amma a gaskiya raini ce, domin abin da aka ce ba ya bukatar koyo an ce ke nan ba ilimi ba ne. Saboda haka ta zauna ta nazarci raye-rayen Afirka ta Yamma, ta tsamo ginshiƙansu, ta haɗa da abin da ta koyo a waje, ta fitar da tsarin koyarwa wanda a yau ake kira da sunanta. A 1980 ta buga littafi a kan rawar Afirka cikin harsuna uku, Faransanci da Ingilishi da Jamusanci.

Tsarin nata ya dogara ne a kan ƙashin baya. A wurinta daga nan kowane motsi yake tasowa, ko lanƙwasa, ko karkarwa, ko tattare ƙirji a sake shi. Ƙafafu kuwa su kafu a ƙasa sosai. Tana ba motsi sunayen abubuwan da ɗan Afirka ya sani, kamar kuka da rimi, don ɗalibi ya tsaya kamar itacen da saiwarsa ta yi zurfi amma rassansa suna karɓar iska daga kowace kusurwa. Ana yin darasi ne da makaɗa a zaune suna kiɗa, ba da rikoda ba, don mai rawa ya koyi sauraren ganga.

A 1977 shugaban Senegal Léopold Sédar Senghor da shahararren mai tsara rawa Maurice Béjart suka kafa makarantar Mudra Afrique a Dakar, aka ba ta shugabanci. Amma Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, tallafi ya ja baya, aka rufe makarantar a 1982. A nan akwai darasi: abin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya tafi sai ya bi shi. Ta koma Turai ta ci gaba da koyarwa, har ita da mijinta Helmut Vogt, Bajamushe, suka buɗe wata cibiya a birnin Tuluz a 1985. Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A 1995 ta yanke shawarar komawa Senegal.

A wani ƙauyen masunta mai suna Toubab Dialaw, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar, suka gina Makarantar Rairayi, wadda aka yi bikin buɗe ta a 2004. An kira ta haka ne domin babban filin koyonta daɓensa rairayi ne, ba siminti ko katako ba. Duk wanda ya taɓa gudu a cikin yashi ya san ƙarfin da yake ɗora wa ƙafa. Matasa daga sassan Afirka da ma wajenta suna zuwa su yi makonni suna koyo, su koma ƙasashensu su koyar.

Kada a zaci rawar tata ta biki ce kawai. Wasanta mai suna Fagaala, wanda ta tsara tare da Kota Yamazaki ɗan Japan, ya yi magana ne a kan kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994. Maza zalla suka taka shi, kuma ya sami lambar yabo ta Bessie a New York a 2007. A 2020 kuma masu rawa sama da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da 10 suka taru a makarantarta don koyon wani sanannen wasa da Bajamushiya Pina Bausch ta tsara a 1975. Annobar korona ta hana su nuna shi a Dakar, sai suka taka shi a bakin teku aka ɗauka a fim, daga baya suka zagaya duniya da shi. A 2021 birnin Venis na Italiya ya ba ta lambar Zakin Zinariya saboda aikin da ta yi tsawon rayuwarta, tana da shekara 77.

To ina ruwanmu? Ba ina cewa mu tura 'ya'yanmu su zama 'yan rawa ba ne, kowane gida da tarbiyyarsa, kuma ita ce gaba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne hanyar da ta bi. Ta ga gadon da ake rainawa, ba ta tsaya kuka ba, ta ba kowane ɓangarensa suna, ta rubuta, ta gina masa aji, ta horar da masu koyarwa. Mu kuwa da muke zaune nesa da ƙasar Hausa, sau nawa muke cewa Hausa a jini take, yaro zai tsince ta a tsakar gida? A aji ina ganin yaran da ke jin Hausa amma ba su iya rubuta jimla ɗaya da ita ba, ba su san tatsuniya ko kacici-kacici ba, ba su iya bambanta kalangu da kotso ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Acogny ta yarda da haka, amma ba ta yarda a canza har a manta da ƙafar da ake takawa ba.

Shawarata ita ce, kowace unguwa ta samu awa biyu a mako, ko a zaure ne, dattijo ɗaya da malami ɗaya, wannan ya faɗa, wancan ya rubuta, yara su koya. Ita da rairayi ta fara. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.